Firjin Kifi ne Ya Fara

A tsibirin Hiiumaa, tsakiyar Nuwamba,
rana kan faɗi tun huɗu ba ta yi ba.
Makullin ɗakin kwalekwale a hannuna yake,
ni na buɗe musu, na share ƙayar kifi daga benci,
na ce kar wanda ya taɓa ragar nan, ta Endel ce.

Tarvo ya shigo da akwati, wayoyi na zubowa kamar hanji,
bai gai da kowa ba sai soket.
Helve ta sauko daga jirgin fito
da kwanonin tagulla bakwai, kowanne cikin rigar sanyi,
sarewar icce na leƙe daga aljihun kwat.

Ba su taɓa haɗuwa ba.
Ta ce sauti magani ne,
yana kwance ƙullin da ke ƙirji.
Ya ce a'a, gajimare ne kawai,
bai yi wa kowa alkawarin ruwa ba.
Na zuba musu shayi, na ja bakina.

Ba takarda, ba ƙidaya, ba wanda ya ce a fara.
Ya shimfiɗa wani dogon amo, siriri,
ta bugi kwano a kai, amon ya tsinke.
Ta hura sarewa, ya binne ta da ƙugi.
Minti arba'in suna haka,
kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya,
wannan ya matsa, wancan ya matsa,
kafaɗa na bugun kafaɗa.
Shayi ya huce. Na fara tunanin kuɗin wuta.

Can a lungu tsohon firjin kifi ya tashi,
ya kama gurnaninsa na shekara ashirin,
wanda na daɗe da daina ji.
Tarvo ya karkata kai.
Ya murɗa wani ɗan maɓalli, a hankali, a hankali,
har sautinsa ya kwanta ƙarƙashin na firjin.
Helve ta ajiye sarewa.
Ta ɗauki kwano na uku, mai tabo a gefe,
tana zagaya bakinsa da sanda,
tagulla ta buɗe murya daidai inda suke.

Daga nan ban san na wane ne wane ba.
Kwanon rufi ya amsa. Gilashin taga ya ɗauki rawa.
Igiyar ruwa a ƙarƙashin katako
tana zuwa a makare, tana komawa da wuri,
suka bar mata wurinta.
Na ji sautin a haƙorana kafin kunnena.
Na tuna mahaifiyata tana guga da dare,
ban san me ya kawo ta ba.

Sai firjin ya yi ƙit, ya mutu,
yadda ya saba in sanyi ya ishe shi.
Rami ya buɗe a tsakiyar ɗakin.
Numfashi ɗaya. Biyu.
Ba su dubi juna ba,
ita da makogwaro, shi da yatsa,
suka ɗauki muryar firjin tare,
suka riƙe masa ita har ya dawo.

Endel na tsaye a ƙofa, ban ga shigowarsa ba,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa, hula a hannu.
Da aka gama ya daɗe bai motsa ba.
Ya sauke ragarsa, ya yi gyaran murya,
ya ce, "Firjin nan na son gyara."

Da safe na raka su bakin jirgi.
Ta ce masa, "Ka ga, ka warke."
Ya ce, "Da ma ba ciwo nake ba."
Amma shi ya ɗaukar mata kwanoni huɗu.

Lambar mai gyara na nan manne a bango.
Yau sati uku ban kira shi ba.