Gurbin Sauran Bayani

Takarda ta zo ranar Talata:
kamfanin da ya ƙera manhajar fom ɗinmu
ya ce daga ƙarshen wata ya zare hannu,
in ta yi tari, ba mai ba ta magani.
Na karanta sau biyu, na ɗora kofin shayi a kai.

Shekara goma sha bakwai ina zaune gabanta
a ofishin adashin tsofaffin ma'aikatan masaƙa,
nan Kakuri, inda injuna suka yi shiru
tun kafin in yaye autana.
Na san halinta kamar ƙofa mai cijewa:
ɗaga kaɗan, sannan ki tura.
Ba ta san harafi mai ƙugiya ba,
Ɗanladi a bakinta alamar tambaya ne da anladi.
Ba ta yarda a bar ranar haihuwa fayau,
shi ya sa mutum ɗari uku da sittin
duk na haife su ɗaya ga Janairu.

Sai ga Zailani daga Barnawa
da kwamfuta siririya kamar faifai.
Ya ce sabon dandalin ba ya son dogon rubutu,
ja ake yi a ajiye, kamar jeren kwanuka.
Kafin la'asar ya tayar da fom
irin wanda marigayi Bitrus Kazah
ya yi wata huɗu yana ginawa.
Na ce sannu. Ban ce madalla ba.

Daren ƙaura ruwa ya tsuge, Nepa ta ɗauke,
janareta na haki, kogi na cika can ƙarƙashin gada.
Suna ya haye. Lambar waya ta haye.
Bashi ya haye, ko kwabo bai faɗi a hanya ba.
Na ce, ina gurbin ƙasa?
Ya ce, wanne?
Na ce, Sauran Bayani.
Ya ce, Anti Asabe, ai wannan tarkace ne,
ba lamba ba, ba kwanan wata ba,
ba ya shiga rahoto.

Na ce, buɗe ka karanta.

Lamba 114: injin saƙa ya cinye kunnen hagu, a tsaya masa ta dama.
Lamba 209: kada a kira wayar gida, ɗansa ke ɗauka, kuɗin ba ya isa.
Lamba 87: Laraba ta biya da doya, ni na sayar, na cike gibin.
Lamba 31: ya rasu.
Matarsa na zuwa duk wata da katinsa.
A karɓa. Kada a gyara mata.

Zailani ya yi shiru
har janareta ya shaƙe ya dawo.
Sannan ya turo min linzamin,
ya ce, ja da kanki.
Hannun da ya saba da maɓallai ya hau rawa.
Na kamo wani farin akwati daga gefe,
ya kuɓuce, na sake kamowa,
na ja shi har gindin fom, na saki.
Ya zauna daram.
Ya ce, harafi nawa zai ci?
Na ce, kada ka yi masa mudu.

Da safe muka kashe tsohuwar.
Ba ta yi gardama ba,
fankarta ta juya sau biyu ta tsaya.
Na lulluɓe ta da atamfar masaƙarmu,
ragowar wadda aka ba mu a madadin albashi.

Yanzu fom na cikin wayar kowa.
Ɗanladi ya samu ƙugiyarsa.
Sabuwar ta yarda a rubuta ba a sani ba
a gurbin ranar haihuwa,
amma ban taɓa ɗaya ga Janairu ba tukuna.
Tsofaffin sun riga sun saba.
Baba Kantiyok har kaza yake yankawa.