Kwalin Gicciye

Shekara goma sha bakwai ke nan
ina rubutun allo a Sabon Gari,
bayan Titin Faransa, inda kwata ke wucewa.
Na rubuta wa mai shayi, na rubuta wa mai gyaran agogo,
amma abin da ya saka 'ya'yana makaranta
allunan coci ne.

Katolika na son fari da ruwan ɗorawa.
Baftis suka ce shuɗi, kar in cika ado.
Masu farar riga, da ba sa shiga da takalmi,
suka ce in ƙara musu fiffike biyu.
Wasu kuma a bene, saman shagon taya,
sunansu ya fi allon tsawo,
sai da na ƙara falanki.

Ran nan Baba Istifanus ya zauna a bencina,
tsohon katikis, mutumin Rano,
haƙori huɗu, goro ɗaya a aljihu.
Na ce, Baba, littafinku ɗaya ne, ko kuwa?
Ya ce ɗaya, in ka cire 'yan shafuka da ake ja a kai.
Na ce to me ya sa fentina ke ƙarewa?

Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce, Tanimu, gandun kakanka yana nan yadda ya bar shi?
Na yi shiru, don ya san amsar.

Ya ce tun can da nisa Gabas da Yamma suka ja daga
kan wa zai zauna gaba.
Daga baya wani malami a Jamus ya ce
gafarar Allah ba hajar kasuwa ba ce,
kowa ya karanta da harshen da ya sha a nono.
To, ka ba mutum dubu littafi,
ka ce duk su tsaya a aya guda?
Wani ya ce a yayyafa wa jariri ruwa,
wani ya ce a'a, sai ya yi hankali a tsoma shi a kogi.
Wani Asabar. Wani ganga da rawa.
Wani ko tafi ba ya so.

Sannan jirgin ƙasa ya yi nasa.
Mutumin Onica ya sauka da cocinsa a akwati,
na Ogbomoso da tasa,
mu da Turawan mishan suka samu a karkara
muna waƙa da Hausa.
Kowa yana son ya yi kuka
da yaren da uwarsa ta rarrashe shi.

Ya tauna goro. Ya rage murya.
Ya ce akwai kuma wanda ba aya ba ce,
kujera ce, da akwatin baiko.
Wannan ma kar ka bar shi a lissafi.

Na so in yi murmushin wanda ya kama wani,
sai na tuna masallacin layinmu,
yadda ni da yayana Hamisu
muka yi Ramadan biyu ba ma bin liman ɗaya
a kan inda hannu zai tsaya.
Na sunkuya na ci gaba da wanke burushi.

Jiya da la'asar wani saurayi ya zo, Barnaba,
takalmi sabo, ido ja don rashin barci.
Ya bar cocin kawunsa, su tara ne suka fita.
Yana son allo kore, suna sabo fil,
wanda ba a taɓa ji ba a Kano.

Na ce to. Muka yi ciniki, ya rage min ɗari biyar.
Na miƙa hannu bayan ƙofa
na ɗauko kwalin da na yanke tun ina yaron shago,
gefensa ya yi kauri da fentin kowa,
fari kan shuɗi, shuɗi kan ja.
Na ɗora a falankinsa.
Ya ce wannan gicciyen ya yi masa daidai.