Saura Uku

Saura uku a fim ɗin da ke cikin tsohuwar kyamara,
uku rak, wani kuwa sai an aika Kano.
Shi ya sa ban yi garaje ba
a zauren Malam Cindo, bayan Ƙofar Kuyambana,
ran Laraba, la'asar sakaliya.

Yana bisa tabarma, farar shadda a cinya,
aska takwas, aikin shekara guda.
Ita ce ta ƙarshe, in ji shi,
ido ya fara yi masa rowa.

Barau da ya koya mini sana'a a Sabon Gari
ya sha faɗa mini: fim ba ya yafiya,
abin da ka ba shi, shi zai riƙe har abada.
Gai da haske tukuna, ka ji lafiyarsa,
kafin ka roƙe shi komai.

Sai na zaro ƙaramar mai allo,
wadda kuskure a cikinta kyauta ne.
Ƙyas.
Riga ta fito tas, kowane zare da inuwarsa,
amma fuskar Malam ta nutse,
kamar an leƙa rijiya da magariba.

Na ƙara buɗe ido. Ƙyas.
Ga fuska, ga furfura, ga tsohon tabo a haɓa,
riga kuwa ta ƙone fari fat,
aikin shekara ya koma bangon farar ƙasa.
Fari da baƙi a zaure ɗaya,
kowa na so a auna da mudunsa.

"Yaro, hoto nawa ke nan?"
"Ban fara ba, Malam, gwaji nake."
Ya yi dariya har da tari.
"Ni ma ban taɓa kai allura jikin shadda ba
sai ta fara gaisawa da ƙyalle."

Muka ja tabarma kusa da ƙofa.
Jikarsa Uwani ta ɗauko tiren shayi,
na ce ɗaga, karkata, sauke kaɗan, tsaya nan!
Rana ta faɗa kan tire, ta yi tsalle,
ta hau gemu, ta zauna a kumatu.
Ƙyas. Riga da fuska sun shirya.
Na rubuta lambobin a tafin hannu da biro,
buɗin ido, saurin ƙiftawa,
na juya su ɗaya-ɗaya a jikin tsohuwar.

Ina ɗaga kai, hadari ya taso daga Kufena,
ya shanye ranar kamar kunu.
Abin da ke tafina ya zama ƙarya.
Muka jira. Hannun Uwani na rawa.
Mai rake ya wuce da baro, akuya ta leƙo ta koma.
Da rana ta samu kafa ta sake fitowa
na sake tambayarta, ta sauya magana kaɗan,
na goge da yawu, na gyara.

Na farko: ya ƙame kamar hoton fasfo.
Na biyu: ina jin ya ƙifta.
Na uku na riƙe shi.

Ya gaji da ni, ya manta da ni,
ya lashi zare, ya nufi kafar allura.
Ya kuskure. Ya sake. Ya kuskure.
Uwani ta ajiye tire ba ta tambayi kowa ba,
ta durƙusa, ta kama yatsunsa,
kai biyu a kan ƙaramar kafa guda.
Hasken da na sha wuyar tarowa ya watse,
lamba ba ta nan, gwaji babu,
yatsana ya danna da kansa.

Yanzu fim yana aljihuna, cikin baƙin gwangwani,
gobe zai hau mota a Kwangila zuwa wanki.
Biyun da na auna, na san abin da ke ciki.
Wancan na ukun, da ban gai da haske ba,
shi ne ya hana ni barci.