Layin Famfo, Ƙarfe Uku na Dare

Ƙarfe uku na dare a Garin Malam,
jarkata ce ta goma sha bakwai a layi.
Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Na hau dutse, tocila a baki,
na buɗe littafin da ba shi da bango.

A Kasuwar Dole na same shi,
wurin Tsoho Manzo mai baza takardu kan buhu
tsakanin mai gishirin Bilma da mai gyaran rediyo.
Ya ce, "Ɗauki biyu, ɗayan gyara ne,
ba mai neman su sai gara."

Na gyaran bayani ne zalla.
Shi ya ce mini hasken Kaza da Ƴaƴanta
ya baro gida tun ba a kwaɓa ƙasar ganuwar Birni ba,
sai daren nan ya iso idona, ko haki ba ya yi.
Ya ce ƙarfen da ke yawo cikin jinina
a cikin tauraro aka narka shi.
Na kai wa kakana labari a maƙera,
ya ajiye zugazugi, ya daɗe yana duban wuta,
ya ce, "Ashe sana'ar tamu daga nesa take."

Wannan na hannuna kuwa ƙage ne:
wani jirgi, mutum dubu a cikinsa,
tafiyar shekara ɗari uku babu zango.
A ciki ake haihuwa, a ciki ake furfura,
kuma kowane ɗigon ruwa da lissafinsa.
Gumi ma tara shi suke, har tururin numfashi,
su tace, su sha.
Mai littafin ya ɗauka abin mamaki ya ƙirƙiro.
Da ma ya zo ya ga innata:
ruwan wankin gero shi ke wanke kwano,
na kwano ya wuce wurin akuya,
na alwala kuwa rabon zogale ne.
Mu Damagarawa mun daɗe a jirgin nan.

A shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya
randar jirgin ta tsage,
ga kuma wata duniya shuɗiya ta leƙo ta taga.
Daga nan sai zare.
An yage sauran.

Na koma wa Manzo, ya sosa ƙeya:
"Barira mai ƙosai ta saya da awo."
Na je Zango da sassafe.
Ta yi dariya har ludayi ya faɗi,
ta lalubo mini falle guda a ƙarƙashin tire.
Mai ya cinye shi, ana hango rana ta cikinsa.
Kalma uku na tsinta: suka buɗe ƙofa.
Sauran duk yaji ne.

Tun daga nan ƴan layi suka gaji labarin.
Kiyari ɗan garuwa ya ce sun sauka lafiya,
suka iske famfo ɗaya da jarka ɗari a gabansu.
Iya Dela ta ce ba su sauka ba,
wanda aka haifa a tafiya ba ya iya zama.
Habsu, ƴar aji shida, ta daɗe ba ta tanka ba,
sannan ta tambaya:
"Wa ya duba ko akwai masu gida a can?
Sun yi sallama kuwa?"

Ban sami amsa ba.
Na ɗaga kai, Kaza ta karkata yamma,
tana aiko da saƙon da ba mu za mu karɓa ba.

Sai famfo ya yi gyatsa, ya tofar da jan laka,
kowa ya zabura ga jarkarsa.
Na cusa littafin cikin riga don kada ya jiƙe.
Saura goma sha shida a gabana.