Rage Kaya

Ƙarfe biyun dare a tashar jiragen Valparaíso,
Ximena Arriagada ta zuba wa allo ido.
Kwantena dubu uku, ƙugiya bakwai,
jirgi zai tashi da asuba,
na'ura kuwa na ta lissafi
kamar mai ƙirga yashin bakin teku.

Kowace ɗagawa ta haifi goma,
goman su haifi ɗari,
hanya ta yi rassa har ta manta gindinta.

Ta kurɓi shayin da ya huce, ta ce:
ba ƙarfi kika rasa ba,
ni na ɗora miki duniya a ka.

Sai ta fara sauke mata kaya.
Launin kwantena? Ta goge.
Sunan mai shi? Ina ruwan ƙugiya.
Arba'in ɗin nan na inabi,
nauyi ɗaya, masauki ɗaya,
a kira su da suna guda.
Ɗaga, juya, ajiye:
ta ɗinke su taku ɗaya.
Ta kafa dutse a hanya:
ko ta ina aka ɓullo,
sai na sama ya sauka kafin a taɓa na ƙasa.

Ta danna.
Daƙiƙa sha ɗaya, tsari ya fito.

Eleuterio, can sama a ɗakin gilashi,
ya karanta, ya yi jim.
"Ƙugiya ta huɗu fa? Tun Talata take tari,
ba ta wuce tan ashirin."

Ximena ta leƙa abin da ta goge.
Ga shi nan.
Ta mayar da layin a hankali.
Iskar teku ta kaɗa labule,
na'ura ta koma lissafi.