Kwalbar Ruwan Teku

Shekara talatin da ɗaya na riƙe tuta
a mararrabar dogo, nan Sabon Gari,
ja a dama, kore a hagu,
ban taɓa ganin teku ba.
Warinsa dai na sani.
Yakan iso da asuba a cikin taragu:
gishiri, busasshen kifi, kananzir,
da danshin da ke manne wa tamfol
kamar gumin baƙon da ya kwana bisa hanya.

Wancan zamani, in jirgi ya yi kuka daga kudu,
mai shayi ya iza wuta,
'yan dako su naɗa gammo,
Iya Abike ta buɗe tukunya tun ba a tambaya ba.
Gyaɗa da auduga su gangara,
goro ya hauro.
Ikko ba ta da nisa.
Ƙarfe biyu ne kwance,
daga tafin ƙafata har bakin ruwa.

Yau ɗana Tanimu yana can,
ɗaurin rodi yake a wata gada.
Yakan turo hoto, jikata Kande ta buɗe mini:
ginshiƙai tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa,
titi ya goya titi,
mutane ƙanana a ƙasa kamar an watsa gero.
Ya ce, "Baba, garin nan ci yake.
Ya cinye fadama, ya cinye kurmi,
yanzu yashi ake ɗura wa teku
don a sami inda za a taka.
Ga kwalekwale mai inji, ga dogayen motoci,
ga jirgi na bi ta saman kawunanmu,
amma in na fita kafin assalatu
sai hantsi nake sa hannu a aiki."

Na ce, to, aiko mini da tekun in gani.
Wasa nake. Yaron bai san wasa ba.

Gambo Dogo ya bai wa,
mai tirelar da ke kai tumatir ta dawo da tayil.
Kwana biyar!
Biyu a layi kafin Jebba,
taya ta fashe bayan Mokwa,
shinge bayan shinge, kowanne da hannu a miƙe.
Na tarye shi a Ɗanmagaji,
idonsa ja, wuyan rigarsa baƙi.
Ya zaro kwalba daga ƙarƙashin kujera,
saura rabi.
Wai yaron mota ne ya lalubo ta cikin dare,
ya kurɓa, ya tofar, ya zagi mai rijiyar.

Na ɗaga ta ga rana.
Ba shuɗi, ba igiya, ba ruri.
Ko Kubanni da rani ya fi shi kwarjini.
Na ɗiga a harshe,
sai ga taragu sun dawo,
ga Iya Abike da ludayinta,
ga ni da ƙuruciyata da farin wando.

Da la'asar na taka zuwa tsohon wurina.
Awaki na kiwo tsakanin ƙarafa,
wata ta shanya tattasai a kan tsakuwa.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na tsiyaya wa dogo rabonsa.
An ce gishiri na kawo tsatsa.
Wannan tsatsar ta riga teku zuwa.

Na kara kunne a ƙarfen
yadda muke yi muna samari.
Na ji hon ɗin 'yan acaba,
na ji nishin manyan motoci can Kwangila,
na ji jinina yana kai da komo.
Kande ta ce, "Kaka, yana zuwa?"
Na ce, riƙe kwalbar da kyau,
kar sauran ya zube.