Abin da Ishbel Ta Karanto

A Arbroath muke, bakin teku,
inda ni da ubana da kakana
muka tsufa muna bandar kifi.
Hayaƙi ya zauna mini a riga,
wanki bakwai ba ya fitar da shi.

Ranar da Ishbel ta ce za ta jami'a
ta karanta Turanci da adabin wasu ƙasashe,
na ajiye wuƙa na dube ta.
"Harshen da kika sha a nono
shi za ki biya kuɗi a koya miki?
Ana miya da baitin waƙa ne?"
Ba ta ce uffan ba. Ta tafi.

Shekara huɗu tana zuwa hutu,
littafi a dama, littafi a hagu,
ta dubi wannan, ta dubi wancan,
kamar mai gwada nauyin kifi biyu.

Sai sanyin da teku ya ci Valdis,
ya dawo mana da shi bayan kwana uku.
Ƙaninsa Imants, mai aiki a rumfata,
ya zo da takarda a ninke,
layi takwas da uwarsu ta aiko daga Latbiya
a karanta kafin a rufe shi.
Waya ta fassara, ta ba mu ƙaya babu tsoka.

Ishbel ba ta jin harshensu, ko kalma.
Ta ja kujera.
"Wannan, yaushe uwarku ke faɗinta?
In ta yi fushi? In tana shafa kanku?"
Ƙarfe biyun dare suna kan kalma guda,
shayi ya huce sau uku.
Ta ce, "Tamu ba ta kai taku zurfi ba.
Mu jera biyu,
mu bar ɗan shiru a tsakani."

A coci ta miƙe ta karanta.
Masunta, waɗanda ƙugiya kan huda wa hannu
ba su ce wash ba,
na gan su sun sunkuya suna murza hula.
Tsohuwar da ba mu taɓa gani ba
ta yi kukan ɗanta da bakin 'yata.

Ban ba ta haƙuri ba, ba halin gidanmu ba ne.
Washegari dai na ɗaure mata kifi biyu,
waɗanda suka fi kyau a jerin,
na tambaye ta, idona na kan wuta,
wane littafi ne ya fi sauƙin farawa.